Gaiwar da Na Tasa Daga Barci

Maigidana malamin lissafi ne a lise, wato makarantar sakandare, amma ranar Lahadi masunci ne. Kakanninsa mutanen Barno ne, daga bakin kogin Komadugu suka taso suka zauna Damagaram da fatauci, kuma yakan ce ban da tsagen fuskar kakarsa da yake tunawa, son ruwa kaɗai ya gada daga wajensu. Da damina ta ja baya tafkuna suka kwanta, sai ya ɗaure sandar fatsarsa a jikin moto, wato babur ɗinsa, ya fita daga gidanmu na Kara-Kara bayan sallar asuba, ya nufi wani tafki da ke cikin kwari tsakanin Mirriya da Dogo.

A can akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Sarkin Ruwa. Ƙarfinsa ya ragu, ya daina jan taru, sai ya koma ɗaukar mutanen birni a kwalekwalensa. Malaman lakwal, wato makarantar boko, ma'aikatan likita, wani lokaci har da soja, yakan tura su da gora a hankali cikin ganyen bado, ya tsaya ya nuna da haɓa ya ce nan karfasa take, can ƙarƙashin ciyawa tarwaɗa. Su jefa fatsa, shi ya zauna yana cin goro yana yi musu dariya.

Ni ta kicin na san tafkin. Na san warin lakarsa a jikin kifin da ake kawo mini, na san koren zaren da ke maƙalewa a kwando. Sauran kuwa a bakin maigida na ji, haɗe da labarin Komadugu, wanda ya gani sau ɗaya yana ƙarami. Ya ce kogin tafiya yake yi. Rairayi na nan busasshe mutane na tsallakawa da jakuna, sai wata rana a ji ana cewa ruwa ya iso garin gaba, kashegari sai ga kansa ya taho a hankali da kumfa da karmami, bayansa kuma maza a kwance bisa manyan goruna suna iyo da koma a hannu. Ina wanke-wanke yake ba ni wannan labarin, in riƙa ganin ruwan yana shigowa ta zaurenmu, yana zagaya turmi, yana lasar gindin lemun tsami.

Shekarar da autarmu ta tafi karatu Yamai, gidan ya yi mini faɗi. Sai ya ce in zo mu je tare in ga ruwa. Na ce to, amma yau biki, gobe gaisuwar rasuwa, jibi ciwon ƙafa, ban shirya ba sai da sanyi ya wuce zafi ya fara leƙowa.

Da muka isa babu tafki. Fili ne baƙi, ya tsattsage kamar ƙasan tsohuwar tukunya, kwalekwalen yana kife a gindin giginya, awaki na hawa kansa. Na tsaya da sabon mayafina da ledar dabinon da na kawo tsaraba, kunya ta kama ni kamar wadda ta je biki bayan an watse.

Dattijon ya taso yana gyara hula. Ya dubi maigida, wanda yake kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, yau ka kawo mana uwar gida sai da ruwa ya yi ƙaura?"

"Ita ta yi ta jan ƙafa, Baba."

"Ba komai. Ƴata, kamun kifi kika zo, kuma su za ki yi. Miƙo mini dagin can."

Na ɗauka wasa yake. Ya saɓa dagi ya shiga cikin busasshen tafkin, mu muna biye. Tafiya yake kansa a sunkuye kamar mai neman allura. Can ya tsaya wajen wani ɗan tudun laka da bai fi kan babban yatsa ba, ya durƙusa, ya ce mu yi shiru. Ya fara buga ƙasa da yatsunsa, ɗaya, biyu, sannan da sauri-sauri, irin ƙarar ɗigon farko a kan kwanon rufi. Ya kwantar da kunnensa, ya yafuto ni. Na tattare zani na durƙusa. Daga ƙarƙashin ƙasa na ji wani ɗan sauti, kamar tsotson jariri cikin barci.

Na ce, "Subhanallahi, Baba, mene ne?"

"Gaiwa ce. Ta ji kamar ruwan sama, tana tambaya."

Ya haƙa a zagaye, a hankali, ya ciro dunƙulen laka kamar girman ƙaramin tulu. Ta wata ɓaraka ya nuna mini. Tana ciki a naɗe, cikin wata fata mai ruwan ƙasa kamar ɓawon albasa, ta ɗora wutsiyarta a kan fuska. Ya ce in ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka, ta yi wa kanta riga da yauƙin jikinta, ta bar ɗan huji na numfashi, ta kwanta. Ba ci ba sha sai damina. Ya ce su nan ƙauye firigonsu ke nan, sukan ajiye dunƙulen a inuwar rumbu, ranar da aka yi baƙo a fasa, a sami ɗanyen kifi a tsakiyar rani.

Ya sa mini a ƙwarya ya ce, "Ki ajiye a inuwa, inda ruwa ba ya taɓawa. Ranar da kika so miya ki fasa."

Na ji maganar ruwan sarai. Na ɗauka don kada lakar ta narke ta ɓata mini ɗaki yake faɗa.

Na ajiye ta a ɗakin hatsi, bayan buhun gero. Sau biyu maigida yana tambaya yaushe za a sha romo, ina cewa sai an yi baƙo. Gaskiyar magana, duk lokacin da na shiga ɗebo gero sai in tsinci kaina ina tafiya da sanɗa.

Azumin shekarar nan a cikin bazara ya faɗo. Wanda ya san Damagaram ya san yadda duwatsunta suke riƙe zafi su yi ta fesowa har bayan la'asar. Wata rana bayan azahar, harshena ya bushe kamar ɓawon itace, na shiga ɗebo geron kunu, idona ya faɗa kan ƙwaryar. Lakar ta yi fari fat, ta ƙara tsagewa. Na tsaya da mudu a hannu ina tunani. Ni nan da awa huɗu zan ji kiran salla in kai kofi baki. Ita kuwa wata nawa ke nan? Wa ke kiran sallar da za ta sha ruwa? Na ji ƙwalla ta cika mini ido, ga azumi ga taushin zuciya. Na ɗauko buta na zuba a tafin hannu na yayyafa mata, kamar yadda nake yayyafa wa tsakar gida kafin shara. Lakar ta shanye da ɗan ƙara, wani ƙamshi ya taso, ƙamshin ranar da aka yi ruwan farko. Na daɗe a tsaye ina shaƙa.

Kashegari na ƙara. Rana ta uku na mayar da dunƙulen cikin tsohon baho don kada ƙasa ta jiƙe, na juye masa moɗa biyu cur, na fita ina jin daɗi kamar wadda ta yi sadaka a ɓoye.

Ina tankaɗe da la'asar na ji fal, fal, daga ɗakin hatsi. Na leƙa. Dunƙulen ya narke ya zama kunu, ita kuma ga ta a miƙe, doguwa kamar damtsena, ramammiya, da wasu zarurruka huɗu a madadin hannu da ƙafa. Ta ɗago kai daga cikin taɓon ta buɗe baki ta ja iska. Idanunta ƙanana ne kamar ƙwayar dawa, kuma wallahi ni suke kallo.

Da maigida ya dawo daga masallaci na ja shi ya gani. Ya yi dariya har ya dafa bango, yana cewa, "Hajiya, kin kawo mata damina a watan huɗu!" Da ya ga ba na dariya sai ya ciro salula ya kira dattijon, ya sa yadda zan ji.

"Ta tashe ta?" in ji muryar daga nesa, akuya na kuka a bayansa. "Ikon Allah. Ba na ce kada ruwa ya taɓa ba?"

Na ce, "Baba, ƙishirwa na ga tana ji."

Ya ce, "Ƴata, mai barci ba ya jin ƙishirwa. Yanzu ne za ta ji."

Na tambaye shi ko in na bar lakar ta bushe za ta koma. Ya ce a'a. Kitsen da ta kwanta da shi ta cinye shi, in ta sake kwanciya a haka ba za ta tashi ba. Abu biyu ne, ko tukunya yau, ko in riƙe ta cikin ruwa in ciyar da ita har sama ta zubo. Damina kuwa da sauran wata biyu, in ta zo da wuri.

Na san halal ce. Hannun nan nawa ya gyara kifi ba adadi, ban taɓa jin komai ba. Da na fasa dunƙulen tana barci na yi bismilla, da an sha romo an manta. Amma wannan ni na je har makwancinta na gaya mata damina ta zo, ta yarda da ni, ta yage rigarta ta fito. In kuma tare ta da wuƙa? Na ce wa maigida ba zan iya ba. Ya dube ni ya ce, "To ruwan fa?"

Tambayar ke nan. A bazara famfon unguwarmu sai ya ga dama yake magana, wani lokaci ya yi tari ya tofar da iska ya yi shiru kwana da kwanaki. Ƴan garuwa in ka gan su da safe ba ka ƙara ganinsu. Na sa aka yanka mini tsohon tano, wato duron ƙarfe, gida biyu, na ajiye rabin a gindin lemun tsami, na rufe da faifai. Sannan na kafa doka a gidan: duk mai alwala ya yi ta a kan baho. Ruwa ne mai tsabta ba sabulu, sau biyar a rana, nawa da na maigida. Da shi nake ƙara mata, wanda na kwashe kuma in ba lemun. Abinci kuwa na gwada tsaki ta ƙi, na gwada tuwo ta ƙi. Ranar da na jiƙa busasshiyar fara na cire ƙafafun na jefa mata, sai na ji ƙaras. Ashe bakin nan mai kama da murmushi ƙarfe ne a ciki.

Kwanakin nan suna cikin waɗanda na fi tunawa a zamana na gidan. In na gama aikin rana, jiki ya mutu, sai in shimfiɗa tabarma kusa da tanon da carbi a hannu. Takan kwanta a ƙasa shiru, zarurrukan nan suna motsi kamar gezar mayafi a iska. Can sai ta taso a hankali, ta huda fuskar ruwan da hanci, ta ja numfashi, ta koma. Na riƙa auna tasbihina da tasowarta. Wani lokaci barci ya ɗan fizge ni, in ga tanon ya buɗe ya yi faɗi, ganyen lemun da ke faɗawa ciki sun zama kwalekwale, katangar maƙwabta ta ja baya ta zama gaɓa mai nisa. Sai kiran la'asar ya dawo da ni.

Ana saura kwana kaɗan salla ƙanwar maigida ta zo mu yi dubulan. Tsakanina da ita wasa ne tun ina amarya. Ta ɗaga faifan ta leƙa, ta saki salati.

"Matarmu, wannan kuma wace baƙuwa ce? Auta ta tafi kin samo wata?"

"Rufe mata, ba ta son haske."

"Ba ta son haske! Yaya, ka ji? To me ake jira, a huda mata kunne ko a kai ta lakwal? Ni dai ranar salla ki ba ni tsakiya, can ne mai."

"Bakinki ya sari dutse."

"Gari ana neman na sha, ke kina yi wa miya wanka."

Mun yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Kuma ba a yi kwana biyu ba ta tabbata. Famfo ya ɗauke ɗif. Ruwan da ya rage mana bido biyu ne, wato jarkoki, ɗaya na girki da sha, ɗaya na ɓoye don canza na tano, domin alwalarmu ta koma ta tsantseni, abin da ke taruwa a baho bai fi a jiƙa tsumma ba. Da hantsi sai ga maƙwabciyata ta yi sallama da bokiti. Ƴarta ta haihu kwana huɗu, ba su da na wankan jego. Ban tsaya tunani ba, na jawo bidon da na ɓoye na ba ta. Da ta fita na je na tsaya kan tanon na ce, ki yi haƙuri, mutum ne.

Aka yi salla, aka ci aka sha, ita tana cikin ruwan da ya koma kore yana wari, ya ragu har bayanta na fitowa. Wani farin abu kamar auduga ya fito mata a gefe. Na jefa fara ta bar ta tana yawo. Tasowar ma ta zama da ƙyar, sai ta yi kamar ta taso ta sulale.

Maigida ya same ni a wajen. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, wahalar da ita kike yi yanzu. In ba ki iyawa ni in yi, ki shiga ɗaki."

Na ce, "Ka kai ni wajen Baba."

"Tafkin a bushe yake, kin gani da idonki."

"Ka dai kai ni."

Ranar kasuwar Mirriya muka shiga motar haya, don ba na iya riƙe bokiti a bayan moto. Na rufe shi da jiƙaƙƙen zani na ɗora a cinya. Wata tsohuwa mai tallar daddawa da ke gefena ta ɗaga zanin ba ta tambaye ni ba, ta ce, "Nawa?" Na ce ba ta sayarwa ba ce, gida zan mayar da ita. Kafin mu fita gari duk motar ta ji. Wani daga baya ya ce a ba ta kujera tunda fasinja ce, direba ya ce in ta yi amai ni zan wanke. Ni dai hannuna na kan zanin, ina jin ko akwai motsi. Daga Mirriya muka sami amalanken shanu da ke komawa wajen kwarin.

Dattijon yana gindin giginyarsa yana ɗinkin koma. Ya leƙa bokitin ya daɗe, sannan ya ce, "Shekaruna a bakin ruwan nan, na ga mai satar kifi, na ga mai roƙon kifi. Mai maido kifi yau na fara gani."

Na ce, "Baba, ba inda za a sa ta?"

Ya dubi maigida, ya dube ni, ya ajiye komar ya tashi. Muka ratsa busasshen tafkin har ƙarshensa, inda wata doguwar ciyawa ta yi duhu. Ya buɗa ta da sanda. A tsakiya akwai ruwa, bai fi faɗin tsakar gidana ba, baƙi, shiru, sanyi na tasowa daga cikinsa. Ya ce wannan ita ce cibiyar tafkin, ba ta ƙafewa. Daga ranar da ruwa ya janye ya bar ta ita kaɗai, ba mai jefa fatsa ko koma a ciki sai sabon ruwa ya zo ya haɗe da ita, don abin da ke ciki shi ne irin baɗi. Ba ya kawo mutanen birni nan. Maigida da ya shekara goma yana zuwa bai taɓa sanin da ita ba.

"Da na ce a waya ki kawo ta," in ji shi, "amma wa zai zaci za ki shiga mota da gaiwa?"

Na miƙa bokitin zan juye, ya riƙe hannuna da sandarsa. Ya ce ba haka ba. Gaiwa iska take sha kamar mu, in ta faɗa zurfi ba ta da ƙarfin tasowa, nutsewa za ta yi ta mutu a cikin ruwan da na kawo ta. Ya sa na tuɓe takalmi na shiga gefe inda ruwan bai wuce idon sawu ba, na kwantar da bokitin a hankali har ruwan ciki da na waje suka gauraya. Ta sulalo ta kwanta a kan laka, faɗin tafin hannu ɗaya ƙarƙashin ruwa. Ba ta motsa ba.

"Yanzu fa?"

"Yanzu sai jira. In ta taso da kanta ta sha iska, ta rayu. In ba ta taso ba, kin yi naki."

Muka tsaya. Rana na bisa kai, laka mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Wani mazari ya sauka a bakin bokitin ya tashi. Maigida ya duba agogo ya ce motar ƙarshe ba ta jira, dattijon ya ce masa, "Mushe, yau ba lakwal." Ina ta salati a zuci, idona a kan baƙin bayan nan da farin tabonsa, har ruwan ya fara yi mini rawa a ido na kasa bambance ta da laka.

Sai zare ɗaya ya motsa. Sannan ɗayan. Ta dogara da su kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma, ta ɗago, ta tsaya a rabi har na ce ta fasa. Sai hancin ya huda ruwan. Na ji ta ja iska, dogon ja, da ɗan sautin nan nata. Ta juya a hankali, ta bi gangaren lakar zuwa inda ruwan ya yi baƙi, wutsiyar ce ƙarshen abin da na gani.

Na ce alhamdu lillahi.

Dattijon ya saki ciyawar ta rufe. Ya ce, "Kin san dai in ruwa ya cika aka buɗe su, wanda ya kama ta ya kama."

"Na sani, Baba. Wannan tsakaninta da Mai ita ne."

"To fito daga ruwan nan haka, akwai matsattsaku."

Na fito da sauri har na bar takalmi ɗaya a baya, maigida ya koma ya ɗauko mini.